Mura a Huhun da Ya Riga Ya Gaji

 

An nemi in yi magana a kan abin da ke tayar da ciwon huhu ga waɗanda suka daɗe suna fama da shi. Amsar gajeriya ce: mafi yawan lokuta, mura ce. Murar nan da muke yi mu face hanci mu wuce kasuwa, wadda in aka yi mana sannu sai mu ce ɗan sanyi ne ya kama mu. Ga mai lafiyayyen huhu haka abin yake, mako guda ta wuce. Amma ga dattijon da sai ya tsaya ya huta tsakanin gida da masallaci, wannan murar tana iya kai shi gadon asibiti, tana kuma iya zama ajalinsa.

Su wa nake nufi da masu ciwon huhu na dindindin? Akwai masu asma, waɗanda hanyoyin iskarsu ke da saurin kumbura da tsukewa, su sake buɗewa in an yi magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta su a miliyan 262 a shekarar 2019. Akwai masu cutar toshewar hanyoyin iska, wadda likitoci ke kira COPD. Ita kuwa toshewarta ba ta buɗewa gaba ɗaya, kuma a wannan shekarar ta 2019 ta kashe mutum miliyan 3.23, ta zo ta uku a jerin abubuwan da suka fi kashe ɗan Adam a duniya. A Turai an fi saninta da cutar masu shan taba. A wajenmu sai a haɗa da uwar da ta shekara talatin tana hura itace da kara a madafin da ba shi da taga, da mai tuyar ƙosai, da mai fasa dutse, da mai injin niƙa. Sai rukuni na uku da muke yawan mantawa da shi, wato waɗanda suka yi tarin fuka, suka sha magani na wata shida, aka ce sun warke. Ƙwayar cutar ta mutu, gaskiya ne, amma ta bar tabo, ta bar wasu bututun iska a buɗe, sun faɗaɗa sun lalace, kaki na taruwa a cikinsu. Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa nauyi a Afirka, don haka irin waɗannan bayin Allah suna da yawa a unguwanninmu.

Kowanne daga cikinsu yana da halin da ya saba da shi: ɗan tarinsa na asuba, ɗan hakinsa in ya hau tudu. Tashin ciwo shi ne ranar da wannan hali ya rikice cikin 'yan kwanaki. Kun san kalmomin da ake zuwa mana da su. "Likita, ƙirjina ya riƙe." "Numfashinsa sama-sama tun jiya." "A zaune ta kwana." In ka tambaya yadda abin ya fara, sau da yawa sai a ce ai yaran gidan ne suka yi mura makon jiya.

Bari in bayyana abin da ke faruwa a ciki, don ta nan ake gane sauran maganar. Hanyoyin iska, daga hanci har ƙananan rassan da ke can cikin huhu, a shafe suke da wata majina siririya, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana suna turo ƙura da ƙwayoyin cuta sama zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba mu ma sani ba. Hayaƙin shekaru yana gurgunta wannan gashi, yana kuma sa majinar ta yi yawa ta yi kauri. To, a haka bairos ɗin mura ke samun wurin. Yana shiga ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe bututun, ya hayayyafa, jiki ya tura dakarunsa su yaƙe shi. Yaƙin ne ke kawo kumburi, naman da ya zagaye bututun ya matse, kaki ya ƙaru. Masana lissafin gudanar iska sun nuna cewa in faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar tura iska ta cikinsa na iya ninkawa har sau 16. Wanda bututunsa ke da wadatar faɗi ba zai ji ɗan kumburi ba. Wanda nasa ya riga ya tsuke, ɗan kumburin nan shi ne tsakaninsa da shaƙewa. Kuma abin da ya fi ba shi wuya shi ne fitar da iskar. Yana shaƙa, amma kafin ya gama fitarwa wani numfashin ya zo, tsohuwar iska ta taru ta cika ƙirji, sabuwa ta rasa wurin shiga. Shi ya sa za ka ga mai wannan ciwo ya dafa gwiwoyinsa, ya tsuke leɓe yana hura iska a hankali. Jikinsa ne ya koya masa dabarar.

Ba zato ake yi ba, an auna. A garin Southampton na Ingila, Sebastian Johnston da abokan aikinsa sun bi yara 108 'yan shekara 9 zuwa 11 masu tari da shaƙewa fiye da shekara guda, duk lokacin da ciwon ya motsa sai a ɗebi majinar hanci a gwada. Sakamakon da suka buga a 1995 ya nuna akwai bairos a kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na waɗannan lokuta, kuma mafi yawa rainobairos ne, wato na murar yau da kullum. A Kanada an daɗe da lura cewa kwanciyar yara masu asma a asibiti tana haurawa kowace shekara a watan Satumba, makonni biyu zuwa uku bayan komawa makaranta. Yara sun haɗu, sun raba wa juna mura, da yawa kuma sun ajiye maganinsu lokacin hutu. Bayan 'yan kwanaki sai a ga tashin ya isa ga manya a gida. Duk malamin firamare ko na Islamiyya da ke cikin ɗakin nan ya san yadda tari ke zagaye aji a farkon zango.

Ga manya masu toshewar hanyoyin iska, an yi gwajin da ya fi wannan ƙarfin hujja. A Landan, Patrick Mallia tare da Johnston ɗin nan suka nemi masu sa-kai waɗanda ciwonsu bai yi tsanani ba, da yardarsu aka ɗiga musu ɗan rainobairos a hanci, aka zuba ido. Mura ta fara, bayan kwanaki ƙirji ya amsa, numfashi ya ragu, duk alamun tashin ciwo suka bayyana. An buga wannan a 2011. Shekara guda bayan haka suka fitar da abin da ni a ganina ya fi muhimmanci: kashi 60 cikin 100 na masu ciwon sun kamu da bakteriya a bayan bairos ɗin, alhali a cikin marasa ciwon kusan kashi 10 ne kawai. Bairos ya kai ƙololuwarsa a kaki tsakanin kwana na 5 da na 9, bakteriya kuwa sai wajen kwana na 15. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mura ce ke tsaga bangon.

Ku riƙe waɗannan kwanaki. Suna nufin akwai tazara tsakanin atishawar farko da daren da za a nemi mota a guje. Suna kuma bayyana abin da iyalai ke yawan faɗa mana, cewa ya fara samun sauƙi, har ya fita ƙofar gida, sai kuma ciwon ya dawo da zazzaɓi da koren kaki. Wannan dawowar zagaye na biyu ne, na bakteriya.

Su bakteriyar da suka fi yin wannan aiki uku ne: Haemophilus influenzae, Moraxella catarrhalis da Streptococcus pneumoniae. A huhun da bututunsa suka lalace sosai akan sami Pseudomonas, mai taurin kai ga magani. An daɗe ana gardama a kansu, domin ana samunsu a kakin mai ciwon ko a ranar da yake lafiya lau. Wasu suka ce ashe zaman haya kawai suke yi, ba su da laifi. Sanjay Sethi da Timothy Murphy a garin Buffalo na Amurka ne suka warware gardamar a 2002. Sun bi marasa lafiya 81 wata bayan wata, suna duba ainihin zuriyar kowace bakteriya. Suka gano cewa in sabuwar zuriya ce ta shigo, wadda jiki bai taɓa haɗuwa da ita ba, haɗarin tashin ciwo ya ninka biyu: kashi 33 cikin 100 na zuwan asibitin da aka ga sabuwar zuriya sun zo da tashin ciwo, a sauran kuwa kashi 15. Ita ma bakteriyar, kenan, daga wani mutum take zuwa. A Ferrara ta Italiya, a 2006, an duba waɗanda tashin ciwo ya kwantar a asibiti, aka sami ƙwayar cuta a kashi 78 cikin 100, kuma kashi 25 suna ɗauke da bairos da bakteriya a tare. Waɗannan sun fi daɗewa a gado.

Sai annobar korona ta zo ta yi wa duniya gwajin da babu likitan da zai iya shirya shi. A 2020 mutane suka sa takunkumi, suka riƙa wanke hannu, aka rufe makarantu, aka rage cunkoso. A ƙasashe da dama kwanciyar asibiti saboda tashin cutar toshewar hanyoyin iska ta ragu da kusan rabi. Wani ɓangare na wannan tsoron zuwa asibiti ne, babu shakka, kuma iskar birane ta ɗan yi tsabta. Amma raguwar ta tafi kafaɗa da kafaɗa da ɓacewar mura a cikin jama'a, da aka saki jiki kuma duk biyun suka dawo. Abin da muka ɗauka ƙaddarar mai ciwon huhu ce, wai dole ya kwanta sau biyu ko uku a shekara, ashe da yawansa abu ne da ake iya tarewa.

Me ya sa na damu da tarewa, tunda akwai magani? Saboda tashin ciwo ba ya tafiya hannu rabbana. Jadwiga Wedzicha da tawagarta sun sa marasa lafiya a gabashin Landan suna auna numfashinsu kullum suna rubutawa. A rahotonsu na 2000, bayan kwana 35 da tashin ciwo kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su koma inda suke ba, bayan wata uku kuma kusan kashi 7 cikin 100 har yanzu ba su koma ba. Wanda a da yake zuwa Juma'a da ƙafa, yanzu sai a kan babur. Wadda take share tsakar gida, yanzu sai ta zauna ta sa jika. A lardin Kwibek na Kanada an bi mutum fiye da 73,000 daga ranar da wannan ciwo ya fara kwantar da su a asibiti, aka ga rabinsu sun rasu cikin shekara uku da 'yan watanni, kuma kowace kwanciya tana kusanto da ta gaba. Zuciya ma tana biyan nata kuɗin. Wani bincike a Ontariyo a 2018 ya nuna haɗarin bugun zuciya yana ninkawa kusan sau shida a makon farko na murar nan mai zafi da ake kira fulu.

Mu dawo gida. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, babban kaso daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zuba mana daga Damagaram har Zariya da gaba. Busasshiyar iska mai sanyi tana busar da majinar kariya, tana rage kuzarin gashin nan mai shara, ƙura kuma tana ƙaiƙaya bututun da dama a kumbure yake. Mu kuma me muke yi? Mu rufe ƙofa da taga, mu toshe kafofi da tsumma, mu shigo da kaskon wuta, mu kunna maganin sauro mai hayaƙi, wani lokaci da turaren wuta, mu kwana mu takwas a ɗaki ɗaya, kaka da jikoki. In ɗaya na da mura, kafin asuba kowa ya shaƙa. Ban ce a bar tsoho cikin sanyi ba. A ƙara masa bargo da hula da safa, a fitar da garwashin kafin barci, domin shi kansa yana iya kashe mutum a rufaffen ɗaki ko da huhunsa lafiya yake, a kuma bar 'yar kafa iska ta riƙa shiga. Haka nan lokacin dawowar alhazai. Tarin da ake dawowa da shi daga Makka sananne ne, miliyoyin mutane daga ko'ina suka haɗu. Hukumomin lafiya na Saudiyya suna ba maniyyata shawarar allurar rigakafin fulu, musamman tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe. Mai ciwon huhu da zai sauke farali ya ga likitansa kafin tafiya, ya tafi da isasshen magani da takunkumi. Wanda ke gida kuma, in Alhaji ya dawo yana tari, a yi barka da sauka daga ɗan nesa, zumunci bai ragu ba.

Yanzu maganar da na san za ta taɓa wasu: kafso, wato maganin kashe bakteriya. Al'adarmu ita ce da an fara tari a aika yaro kemis, a haɗo ja da baƙi na kwana biyu. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos ko kaɗan, kuma a tashin asma yawanci ba shi da wani amfani. A cutar toshewar hanyoyin iska yana da wurinsa, kuma an san wurin tun 1987, lokacin da Nicholas Anthonisen a Winnipeg ya gwada shi a marasa lafiya 173. Ya duba alamu uku: ƙaruwar haki, ƙaruwar yawan kaki, da sauyawar launinsa zuwa rawaya ko kore mai kauri. Waɗanda suka haɗa ukun su ne suka fi amfana, masu alama ɗaya kuwa kusan babu bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a ba maganin ba. Launin kaki shi ne abin da ya fi nuna hanya, shi ya sa muke tambayarsa duk da ƙyanƙyamin da ake yi. Shan kafso ba bisa ƙa'ida ba yana koya wa bakteriya jure magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi ci. Akwai haɗari na musamman a ƙasa irin tamu: magunguna dangin ciprofloxacin da levofloxacin suna taɓa ƙwayar tarin fuka rabi da rabi. Mai tarin fuka zai sha ya ji sauƙi na ɗan lokaci, a makara wajen gano cutar, yana ta yaɗa ta a gida, ƙwayar kuma ta ƙara taurin kai. Don Allah, masu shagunan magani da ke nan, duk tarin da ya kai mako biyu, ko ya zo da jini, ko rama, ko gumin dare, a tura shi gwajin kaki. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware.

Abin takaici, maganin da ya fi dacewa shi muka fi gudu. Iyaye da yawa sun ƙi abin shaƙa, wai in yaro ya fara ba zai daina ba, ko wai alama ce ta ciwo ya kai maƙura, ko kuma kada a sani a hana yarinya aure. Sun fi son allura da ƙarin ruwa. Abin shaƙa yana kai ƙaramin magani kai tsaye inda ciwon yake, kuma ba ya kama jiki. Iri biyu ne: mai buɗe hanya nan take, da mai kwantar da kumburi wanda ake shaƙa ko ana lafiya. Tun 2019 ƙa'idar kula da asma ta duniya ta daina amincewa a bar baligi da mai buɗe hanya shi kaɗai, domin yana ɓoye kumburin da ke ƙasa. Mai asma da mura ta riska alhali kumburinsa a kwance yake, ya fi wanda ta riska yana ci bal-bal nisa da haɗari. In ciwo ya tashi sosai akan ba da ƙwayar prednisone, kuma wani gwaji a Suwizalan a 2013 ya nuna miligiram 40 na kwana 5 ya yi aikin da na kwana 14 ke yi ga masu toshewar hanyoyin iska. Kwana biyar, da umarnin likita. Wanda ya mayar da irin wannan ƙwaya abin sha kullum, ko don ya ji daɗin numfashi ko don ya yi ƙiba, yana gayyato ciwon suga da hawan jini, yana kuma karya garkuwar da ke danne tarin fuka.

Rainobairos ba shi da allurar rigakafi, nau'o'insa sun haura 150. Kariya daga gare shi tana hannun mutanen gida: sabulu da ruwa, yaro mai majina kada ya kwana a gadon kaka har ya warke, kada a sha ruwa a moɗa ɗaya da ita, mai mura ya sa takunkumi in zai shiga ɗakinta. Amma fulu yana da allura ta shekara-shekara, korona na da ita, akwai ta Streptococcus pneumoniae mai kawo limoniya, a 2023 kuma aka amince da ta bairos ɗin RSV ga tsofaffi a Amurka da Turai. Na san tsadar wasunsu da wuyar samunsu. Amma tun ƙarshen 2014 Nijeriya ta fara sa rigakafin limoniya cikin alluran jarirai na kyauta, kuma ƙananan yara su ne suka fi ɗaukar wannan ƙwaya a hanci suna rabawa. A ƙasashen da suka yi wa yaransu sosai, cutar ta ragu har a tsofaffin da ba a yi wa ba. Uwar da ta kai jaririnta awo ta cika masa allurai, ta kare surukarta ma.

Abokan aikina likitoci da ma'aikatan jinya, ina roƙon mu yi wa kowane mai wannan ciwo rubutacciyar takarda da Hausa, da boko ko da ajami, ko mu faɗa wa wanda zai riƙe: ranar da mura ta fara ga abin da za ka ƙara, in kaki ya sauya launi ka zo, in ka ji sauƙi sannan zazzaɓi ya dawo a mako na biyu ka zo. In kuwa ba ya iya gama jimla ba tare da ya tsaya numfashi ba, ko leɓe da harshe sun sauya launi, ko ya fara ruɗewa da gyangyaɗi, ko abin shaƙa ya daina aiki, ba a jiran gari ya waye. In ya iso, mu tuna mai toshewar hanyoyin iska ana nema masa awon oksijin tsakanin kashi 88 da 92 cikin 100, domin sakar masa iskar da yawa na iya tara masa gurɓatacciyar iska a jini ya suma. Mu kuma tuna binciken Mishigan na 2020 da ya nuna na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta fi yawan nuna lafiya alhali oksijin ya yi ƙasa ga masu baƙar fata, don haka mu dubi mutumin tare da lambar. Kafin a sallame shi, a sa ya shaƙi maganinsa a gabanmu mu ga ko ya iya, a kuma ba shi ranar dawowa cikin wata guda, domin makonnin farko bayan sallama su ne aka fi sake kwanciya.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.